Rangwamen wasannin kwamfuta: mun saya da araha, yaushe za mu buga?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a daren da aka buɗe babban rangwamen ƙarshen shekara a shagunan wasanni na intanet ya san yadda shafin yake sauya kama. Hotunan wasanni sun jeru reras, kusa da kowanne an liƙa ɗan tambari mai ɗauke da lamba, wannan an rage masa kashi 50 cikin ɗari, wancan kashi 75, wani ma har kashi 90, tsohon farashin kuma an ja masa layi a tsakiya an rubuta sabon a kusa da shi. Kafin mutum ya gama duba shafin farko, saƙo ya riga ya shigo imel ɗinsa yana sanar da shi cewa wasanni kaza daga cikin waɗanda ya taɓa nuna sha'awarsu sun sauko. Sai ya fara jefa su cikin kwandon sayayya ɗaya bayan ɗaya, hankalinsa yana kan abin da aka rage masa, ya manta da abin da zai fita daga asusunsa. Idan ya biya, yakan sauke guda ɗaya ko biyu, ya buɗe na farko ya duba yadda yake na 'yan mintuna, sannan ya kashe kwamfutar ya kwanta da niyyar cewa a ƙarshen mako zai zauna ya buga su yadda ya kamata.

Na shafe shekaru ina cikin masu wannan niyya. Wata rana na buɗe rumbun wasannina a ɗaya daga cikin waɗannan shaguna, na jera su bisa ranar da na buga kowanne a ƙarshe, sai na ga fiye da rabinsu babu kwanan wata ko ɗaya a gabansu, domin tun da na saya ban taɓa buɗe su ba. Na tuna dalilin sayen kusan kowanne. Wannan wani aboki ne ya yaba mini shi, wancan na karanta labarin wahalar da masu ƙirƙirarsa suka sha na ji ya kamata in tallafa musu, na ukun kuma cigaban wani ne da na so ƙwarai shekarun baya. Babu wanda na saya da wasa ko don almubazzaranci, kuma abin da ya fi damuna ke nan, domin ya nuna mini cewa mutum mai hankalinsa, mai lissafin kuɗinsa, zai iya tara abin da ba zai taɓa amfana da shi ba alhali yana ganin tattali yake yi.

Ba ni kaɗai ba ne. A shekarar 2014 kafar labaran fasaha ta Ars Technica ta yi nazarin bayanan masu amfani da Steam, shagon wasannin kwamfuta mafi girma a duniya, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 37 cikin ɗari na wasannin da ke cikin asusun mutane ba a taɓa buɗe su ba ko sau ɗaya. Tun daga lokacin rangwamen bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Steam, wanda kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003, yanzu yana gudanar da manyan rangwame sau huɗu a shekara: ɗaya a watan Maris, ɗaya daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ɗaya a lokacin kaka wanda kafin 2025 aka daɗe ana haɗa shi da Black Friday, ranar babban rangwamen shaguna ta Amurka, a ƙarshen Nuwamba, sai kuma na ƙarshen Disamba da ke ketarawa cikin Janairu. A tsakaninsu akwai ƙananan garaɓasa kusan kowane mako, ga kuma sauran shaguna irin su Epic Games Store da GOG da suke nasu a kusan lokutan.

Ina so in faɗi gaskiya game da alherin da ke cikin wannan tsari kafin in soke shi, domin alherin na gaske ne. Wasan kwamfuta da ake sayarwa ta intanet ba ya buƙatar faifai ko kwali ko motar dako ko wurin ajiya, saboda haka kwafi na miliyan ɗaya kusan bai ci wa mai shi komai ba in aka kwatanta da abin da ya kashe wajen ƙirƙirar na farko. Wannan ne ya sa ake iya karya farashi har haka ba tare da an yi asara ba, kuma shi ne ya buɗe wa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ƙofar wasannin da a da sai dai su ji labarinsu. Ga ƙananan masu ƙirƙira kuma, waɗanda wasansu ke iya nutsewa cikin tarin sababbin da ke fitowa, ganin cewa a 2023 kaɗai an saki sama da wasanni 14,000 a Steam, lokacin rangwame dama ce ta sake bayyana a idon jama'a. Wanda ya yi haƙuri ya jira wata shida ya sayi wasan da yake so da rabin kuɗi, ya zauna ya buga shi har ƙarshe, ya yi ciniki mai kyau, kuma babu abin da zan ce masa sai dai in yi koyi da shi.

Matsalar tana farawa ne daga abin da tambarin rangwamen ba ya nunawa. Wasa yana da farashi biyu, na kuɗi da na lokaci, kuma na farkon kaɗai ake iya ragewa. Littafi ko fim yana cin awanni kaɗan, amma manyan wasannin labari na wannan zamani sukan ci awa arba'in, wasu hamsin, wasu fiye da ɗari ga wanda yake son ya leƙa kowane lungu. A ce mutum ya sayi guda goma a rangwame ɗaya, kowanne mai awa arba'in, ya ɗora wa kansa awa ɗari huɗu ke nan. Idan mai aiki ne da iyali, wanda da ƙyar yake samun awa biyar a mako, zai buƙaci mako tamanin, wato kimanin shekara ɗaya da rabi, kafin ya gama su, kuma a cikin wannan tsakanin manyan rangwame kusan shida za su zo su wuce, kowanne da nasa goman. Lissafin ba ya taɓa daidaituwa. Abin da mutum yake biya wa kuɗi a irin wannan dare, in aka duba da kyau, shi ne hoton kansa a wata rayuwa mai yalwar hutu wadda ba ta zo ba tukuna, kuma ga yawancinmu ba za ta zo ba.

Shagunan sun san wannan rauni sarai, kuma sun gina kasuwancinsu a kansa. Kafin ƙarshen 2015, Steam yana da garaɓasa ta 'yan awanni a cikin babban rangwamen, inda farashin wasa yake ƙara faɗuwa na ɗan lokaci sannan ya koma, abin da ya sa mutane suke duba shafin sau da yawa a rana, wasu har cikin dare, don kada wata dama ta wuce su. An daina wannan, farashi ya zama ɗaya daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, kuma na ɗauki hakan a matsayin gyara. Amma wasu dabarun sun ci gaba: katunan tarawa da aka ɓullo da su a 2013, maki da ake ba mutum gwargwadon abin da ya kashe domin ya sayi kayan ƙawata shafinsa, da haɗa wasanni da yawa a dunƙule ɗaya ta yadda mai son guda biyu zai ga kamar wauta ce ya bar sauran shidan. A Epic Games Store kuwa, wanda aka buɗe a Disamban 2018, ana raba wasa kyauta duk mako, kuma ko da yake kyauta ba abin ƙi ba ce, tana koya wa hannu ɗabi'ar karɓa da ajiyewa. Sannu a hankali sayen ya zama shi ne wasan, bugawar kuma ta koma abin da za a yi wata rana.

Akwai wani wuri da wannan ɗabi'a take cutar da mai saye kai tsaye, kuma ban cika jin ana maganarsa ba. Tun daga watan Yunin 2015 Steam yake maido wa mutum kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14 da saye, matuƙar bai buga wasan ya kai awa biyu ba. Wannan haƙƙi ne mai daraja, musamman a kwamfuta inda wasa zai iya ƙin tashi sam saboda na'urar mutum ba ta da ƙarfin ɗaukarsa, ko ya riƙa tsayawa yana mutuwa. Kuma irin wannan haƙƙi ba ya zuwa da sauƙi, domin hukumar kare masu sayayya ta Ostireliya ta maka Valve a kotu a 2014 kan batun maido da kuɗi, kotun tarayya ta ƙasar kuma ta ci kamfanin tarar dalar Ostireliya miliyan uku a 2016. To, wanda ya sayi wasanni goma ya jibge su bai gwada ba, da hannunsa ya yar da wannan haƙƙi. Ranar da zai buɗe na bakwai, bayan wata takwas, ya tarar ba ya aiki a kwamfutarsa ko kuma sam bai dace da shi ba, ƙofar ta daɗe da rufewa.

Sai kuma batun tsohon farashin nan da ake ja wa layi. Ido yana auna rangwame ne da lambar da aka soke, kuma wannan lamba mai sayarwa ne yake rubuta ta. Wasan da ya shekara biyar da fitowa, wanda ake karya farashinsa a kowane rangwame da kuma tsakaninsu, da wuya a samu mai sayensa a kan cikakken farashin, saboda haka kashi 75 ɗin da aka ce an rage an auna shi ne da kuɗin da kusan babu mai biya. Tarayyar Turai ta lura da irin wannan a harkar ciniki gaba ɗaya, shi ya sa tun daga watan Mayun 2022 ƙa'idarta ta tanadi cewa mai sanar da rangwame ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma ban ga dalilin da zai sa shagon da yake sayar wa duniya baki ɗaya ya jira doka ta tilasta masa a kowace ƙasa kafin ya nuna wa kowa wannan bayani ba. Ya kamata kuma mai saye ya riƙa tuna abu ɗaya da agogon da ke ƙirga sauran kwanakin rangwame yake so ya manta: kayan intanet ba ya ƙarewa. Babu wanda zai riga shi ɗauke kwafi na ƙarshe. Wasan da ya bari yau, mafi yawan lokuta zai dawo bayan wata uku a kan wannan farashi ko ƙasa da shi.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi a wurina shi ne tambayar mene ne ainihin abin da muke saye. Duk hikimar saye yanzu a buga daga baya ta dogara ne a kan zaton cewa abin zai jira mu, kamar yadda littafi yake jira a kan kanta shekara ashirin. Amma abin da shago yake ba mutum idan ya danna maɓallin saye lasisi ne, wato izinin amfani da wasan bisa sharuɗɗan da kamfani ya gindaya, ba ya iya sayar da shi ga wani, kuma yarjejeniyar Steam ba ta yarda a miƙa asusu ga wani mutum ba. Labarin wasan tseren motoci The Crew na kamfanin Ubisoft ya fito da wannan fili. An sake shi a 2014, an daina sayar da shi a Disamban 2023, sannan a ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe na'urorin kamfanin da wasan yake dogara da su. Da yake an gina shi ne ta yadda ko mai son ya buga shi kaɗai sai ya haɗu da waɗannan na'urori, daga wannan rana ya daina aiki a hannun duk wanda ya saye shi, har da masu faifai. Ka yi tunanin wanda ya saye shi a wani rangwame ya ajiye yana jiran ya samu sarari.

Masu kare kamfanoni za su ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma sharuɗɗan suna nan a rubuce ga mai son karantawa. Ban yarda da wannan hujja ba, domin mai sayen rariya yana ganin hujojinta da idonsa kafin ya biya, shi kuwa mai sayen wasa an rubuta masa kalmar saye da manyan baƙaƙe, an kai bayanin lasisin can cikin doguwar yarjejeniyar da aka san babu mai karanta ta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ga haka, ta kafa dokar da gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumban 2024, ta fara aiki a farkon 2025, wadda ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye a kan irin waɗannan kaya sai sun bayyana wa mutum a fili cewa lasisi yake karɓa. Tun kafin dokar ta fara aiki, a watan Oktoban 2024, Steam ya sa wannan sanarwa a shafin kwandon sayayya. A Turai kuma, yunƙurin da ake kira Stop Killing Games, wanda Ross Scott, wani mai shirya bidiyo a YouTube, ya fara bayan mutuwar The Crew, ya kai ga takardar koke ga Tarayyar Turai da ta haura sa hannun mutum miliyan ɗaya a watan Yulin 2025, tana neman a wajabta wa kamfanoni su bar wasa a yanayin da za a iya buga shi idan sun daina kula da shi. Ina goyon bayan wannan buƙata ba tare da wata tantama ba. Kuma ba abu ne da ya gagara ba, tunda GOG, wanda aka kafa a Poland a 2008, ya daɗe yana ba mai saye damar sauke cikakken wasan ya adana a na'urarsa, ya girka shi duk lokacin da ya ga dama ba tare da neman izinin kowa ba.

Na san akwai wanda zai ce kuɗinsa ne, kuma tara wasanni ma wani jin daɗi ne, kamar yadda wasu suke tara littattafan da ba za su gama karantawa ba. Ba na musun haƙƙinsa. Akwai kuma wanda zai ce ko bai buga ba ya tallafa wa masu ƙirƙira, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a yi lissafi. Valve yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na cinikin wasa, sai wanda cinikinsa ya haura dala miliyan goma ne ake sassauta wa zuwa kashi 25, wanda ya haura miliyan hamsin kuma zuwa kashi 20, tsarin da aka shigo da shi a 2018. Ma'ana ƙaramin mai ƙirƙira shi ne yake biyan kaso mafi tsoka. Idan aka rage kashi 80 daga farashin wasansa, sannan shago ya cire nasa daga ragowar, abin da yake isa hannun mutanen da suka shafe shekaru suna aikin ɗan kaɗan ne. Bugu da ƙari, yawan rangwame ya horar da mu duka mu riƙa jira, ta yadda sayen wasa a makon fitowarsa, lokacin da masu shi suka fi buƙatar kuɗin domin biyan bashi da albashi, ya zama kamar gaggawar da ba ta da amfani. Wanda yake son ya tallafa da gaske, kuɗin da zai watsa a kan guda goma da ba zai buɗe ba ya fi amfani idan ya sayi ɗaya da shi a kan cikakken farashi, ya buga, ya rubuta ra'ayinsa a shafin wasan domin wasu su gani.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kuɗi, kuma ita ce na fi ji a jikina. Lokacin da wasa ɗaya nake da shi, nakan zauna da shi makonni, in sha kaye a wuri ɗaya sau ashirin, in gane dabararsa, in san taswirarsa kamar tafin hannuna. Bayan rumbun ya cika sai haƙurina ya ragu. Da zarar wasa ya ɗan yi tsauri, ko farkonsa ya yi jinkirin kama ni, sai zuciya ta tuna mini cewa ga wasu da dama suna jira, in rufe shi in buɗe wani, in yi masa irin abin da na yi wa na farko. Wani daren ma nakan ɓata rabin awa ina hawa da sauka a jerin sunayen, in kasa zaɓa, in tashi ban buga komai ba. Abin da aka yi domin hutu ya koma kamar bashin da ake bin mutum, kuma masu ƙirƙirar da suka ɓoye mafi kyawun aikinsu a awa ta goma ko ta ashirin ba su samu wanda ya isa wurin ba.

Yanzu idan rangwame ya zo, nakan tambayi kaina ko zan sauke wannan wasa a daren nan in buga shi kafin kwana 14 su cika. Idan amsar ita ce sai na samu sarari, nakan bar shi a jerin waɗanda nake sha'awa, inda ba ya cin ko sisi. Nakan duba tarihin farashinsa a shafukan da ke adana irin wannan bayani, in kuma duba ko yana buƙatar intanet a kowane lokaci kafin ya tashi. Amma wannan aiki ne da bai kamata a bar wa mai saye shi kaɗai ba. Shagon da ya iya rubuta kashi 75 da launi mai ɗaukar ido zai iya rubuta abubuwa uku kusa da shi da baƙaƙe masu girma ɗaya: farashi mafi ƙanƙanta da aka sayar da wasan a watan da ya wuce, ko wasan zai yi aiki ba tare da na'urorin kamfani ba, da kuma, idan ba zai yi ba, ranar da kamfanin ya ɗauki alkawarin ba zai kashe su kafin ta ba.